Wa ke tsawata wa likita a asibitocin Holan?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikacin gudanarwa ne a wani asibitin koyarwa a Arewa, kuma kusan kullum sai mun yi musu da likitocinmu kan ko dole ne likita ya shugabanci asibiti. Wani abokin aikina ya ce a ƙasar Holan likitoci da yawa ba ma ma'aikatan asibitin ba ne, kansu suke yi wa aiki, amma duk da haka ana yabon asibitocinsu. Na ji an ce ka yi aiki a can. Shin gaskiya ne? In haka ne, wa ke tsawata wa likita idan aikinsa ya lalace, kuma wace rawa likitoci ke takawa wajen tafiyar da asibitin?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokin aikinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. Tambayoyi biyu ka ɗaure wuri guda: wa ke zaune a kujerar shugabanci, da kuma wa za a kama idan majinyaci ya cutu. A wurinmu ta farkon muke ta ja-in-ja a kanta. Mutanen Holan kuwa kusan shekara talatin ke nan suna fama da ta biyun, kuma ita ce nake ganin ta fi cancanta mu zauna a kanta.

Yadda gidan yake

Kusan duk manyan asibitocin Holan ba na gwamnati ba ne. Gidauniyoyi ne masu zaman kansu da ba a kafa don riba ba. Kowane yana da hukumar gudanarwa ta mutum biyu ko uku masu tafiyar da aikin yau da kullum, sannan a samanta akwai kwamitin sa ido wanda ke naɗa su, yake kuma iya sauke su. Kuɗi yana zuwa ne daga kamfanonin inshorar lafiya. Tun 2006 doka ta wajabta wa kowane mazaunin ƙasar ya yanki inshora, kuma manyan kamfanoni huɗu, wato Zilveren Kruis, VGZ, CZ da Menzis, su ne ke riƙe da mafi yawan jama'a. Su asibiti ke zama da su a yi cinikin yawan aikin da za a yi da farashinsa.

Su kuwa ƙwararrun likitoci kashi biyu ne. A asibitocin jami'a guda bakwai, irin su Erasmus na Rotterdam da na Leiden da na Groningen, kowa ɗan albashi ne. A sauran asibitoci kuma, tun tale-tale da yawa daga cikin likitocin tiyata, na zuciya, na ido da sauransu masu zaman kansu ne. Likitocin fanni ɗaya sukan haɗa kai su kafa ƙungiyar haɗin gwiwa da ake kira maatschap, su tara abin da suka samu su raba. Sabon likita da ke son shiga sai ya sayi gurbinsa da kuɗi mai kauri, in ya tashi ritaya shi ma na bayansa ya biya shi. Ka ɗauka kamar kasuwa ce mai rufi ɗaya: gini, gadaje, na'urori da ma'aikatan jinya na hukumar asibiti ne, amma sana'ar da ke jawo mutane ta masu rumfuna ce.

Nan ƙullin yake. Dokar ingancin cibiyoyin lafiya ta 1996 ta ɗora alhakin ingancin jinya gaba ɗaya a wuyan hukumar gudanarwa. To amma mutumin da ke riƙe da wuƙa a ɗakin tiyata ba ita ke ba shi albashi ba, ba ta kuma da ilimin da za ta ce masa ɗinkinsa bai yi ba. An ba ta kaya, ba a ba ta gammo ba. Wani kwamiti ƙarƙashin tsohon firaminista Barend Biesheuvel ya ba da shawara tun 1994 a haɗe likitoci da asibiti su zama abu guda, aka kuma yi dokar hakan a 2000, amma haɗin ya fi ƙarfi a takarda.

Abin da ya faru a Nijmegen

Wannan fanni da ake kira shugabanci kan ingancin jinya a Ingila aka fara ba shi suna a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake tsakiyar badaƙalar tiyatar zuciyar yara a Bristol. Ma'anarsa a taƙaice ita ce shugabannin asibiti su ba da bahasi kan sakamakon jinya kamar yadda suke ba da bahasi kan kuɗi. Holan ta samu nata darasin a asibitin jami'ar Radboud da ke Nijmegen, kuma ina so ka kula da wannan labarin fiye da duk abin da zan faɗa.

A 2004, cikin kowane mutum 100 da aka yi wa tiyatar zuciya a wannan asibiti, kimanin 6.7 ne suka rasu, alhali matsakaicin ƙasar 2.7 ne. Ba wai ba a sani ba ne. Akwai waɗanda suka ga alƙaluman a cikin gida. Sai a watan Satumba na 2005 wani saƙon imel da wani farfesa, likitan sa barci, ya rubuta wa abokan aikinsa ya ɓulla waje, ya kai ga 'yan jarida da hukumar sa ido kan lafiya ta ƙasa. (A Bristol ma likitan sa barci ne, Stephen Bolsin, ya fara ɗaga murya. Ban ɗauki wannan a matsayin katari ba. Shi ne ke tsaye a kan majinyaci tare da kowane likitan tiyata, don haka shi ke ganin bambancin hannu.) A watan Afrilu na 2006 hukumar ta ba da umarnin dakatar da tiyatar zuciyar manya a asibitin, shugabannin asibitin kuma suka sauka.

Masu bincike ba su samu wani likita guda da za a ce shi ne mugun iri ba. Abin da suka tarar shi ne gida da ba a magana da juna: likitocin tiyata na rigima a tsakaninsu, masu sa barci da na sashen kulawa ta musamman da likitocin zuciya kowa na jan nasa, babu zaman da ake yi a kai a kai don duba matsalolin da suka biyo bayan tiyata, sannan hukumar da ke sama ta fi sanin lissafin kuɗi fiye da lissafin gawa. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, wadda aka fi sani da binciken haɗarin jirgin sama da na ƙasa, ta fitar da nata rahoton a 2008, ta ce matsalar ta shugabanci ce da ba ta kai ƙarshe ba. Da aka sake lale, aka kawo sabon shugaban sashe, aka tilasta zama tare da bin alƙaluma, mace-macen suka sauko ƙasa da matsakaicin ƙasa.

Ka lura da abu ɗaya. A Radboud duk likitocin 'yan albashi ne, shugabannin sassa kuma farfesoshin likitanci ne. Ke nan ba rashin likita a kujera ba ne ya jawo abin. A gefe guda kuma, a asibitin Ruwaard van Putten da ke Spijkenisse, inda likitocin zuciya ke cikin ƙungiyarsu mai zaman kanta, hukumar sa ido ta rufe sashen zuciya a 2012 saboda yawan mace-mace, a 2013 asibitin ya karye. Tsari biyu mabambanta, ciwo iri ɗaya. Akwai kuma labarin wani likitan ƙwaƙwalwa a babban asibitin Enschede da ya riƙa shaida wa mutane suna da cututtuka irin su Alzheimer, wato cutar mantuwa, alhali ba su da su, shi kansa yana fama da shan ƙwaya. An rabu da shi a asirce da sharaɗin kowa ya ja bakinsa, daga baya aka gan shi yana duba majinyata a Jamus. Kwamitin da ya binciki lamarin a 2009 ya nuna cewa abokan aiki da shugabanni sun ga alamu shekara da shekaru. Abin da mu za mu kira kara da rufin asiri, shi ne ya cinye majinyatan.

Inda hannun likitoci yake

Daga waɗannan masifu aka gina abin da abokinka ya ji ana yabo. Likitoci na shiga harkar gudanarwa ta ƙofofi da dama, amma ba duka ke da nauyi ɗaya ba.

Akwai ƙungiyar likitocin asibiti, wadda duk ƙwararrun gidan ke ciki, mai albashi da mai zaman kansa. Suna zaɓar shugabanninsu, kuma waɗannan ne ke zama da hukumar gudanarwa kusan kowane mako. A takarda shawara kawai suke bayarwa. A zahiri, shugaban asibitin da likitoci suka janye wa goyon baya ba ya daɗewa. Sau da yawa kuma akan samu likita a cikin hukumar gudanarwar kanta, amma ba doka ba ce, kuma wanda ya shiga yakan ajiye duba majinyata.

Ƙofar da ta fi burge ni ita ce shugabancin mutum biyu a matakin sashe. Kowane sashe yana da likita-manaja da kuma manajan gudanarwa, kuma tare suke sa hannu a kan kasafi, yawan aiki da sakamakon jinya. Na yi aiki a ƙarƙashin wannan tsari a wani matsakaicin asibiti, ina ɓangaren inganci. Mu mukan ce ba a sarki biyu zamani ɗaya, to na ga inda aka yi, kuma ya yi kyau a sassan da mutum biyun ke kallon takarda ɗaya. Na tuna wani zama da manajar gudanarwa ta kawo lissafin cewa kwanakin da majinyata ke yi bayan wata tiyata sun ƙaru, gadaje na cushewa. A wurinta maganar gado ce. Likitan da ke kusa da ita ya duba jerin sunayen ya ce waɗannan ai kusan duka rauninsu ne ya yi ruwa. Cikin mako biyu aka gano an sauya lokacin da ake ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin tiyata saboda an sauya jadawalin ɗaukar majinyata daga ɗaki. Ita kaɗai ba za ta gane ciwon ba, shi kaɗai kuma ba zai taɓa ganin jimillar ba, don kowane likita nasa majinyatan kawai yake gani.

Amma na ga wahalar kujerar. Likita-manaja yau shi ne shugaba, bayan 'yan shekaru zai koma cikin abokansa, su ne za su riƙe masa aikin dare, tukunya ɗaya kuma suke ci. Wanda zai ce wa babban yayansa a sana'a "aikinka ya ja baya" yana bukatar abin da ya fi jarunta. Yana bukatar hujja da ba daga bakinsa ta fito ba.

Shi ya sa nake ganin mafi girman abin da likitocin Holan suka yi ba a ofishin shugaba suka yi shi ba. Ƙungiyoyin ƙwararru na kowane fanni suna aika tawagar likitoci daga wasu asibitoci su ziyarci kowane sashe duk shekara biyar, su duba fayiloli da tsarin aiki da yadda ake zaman tare. Rajistar ƙwararren likita ita ma duk shekara biyar ake sabunta ta, kuma shiga wannan ziyara na cikin sharuɗɗa. Akwai kuma tattaunawar duba kai, inda ake tattara ra'ayin abokan aiki da ma'aikatan jinya game da likita, wani abokin sana'a da aka horar ya zauna da shi su bi ta kai. Sannan a 2009 likitocin tiyata da kansu suka fara rajistar ƙasa ta tiyatar sankarar hanji, inda kowane asibiti ke shigar da kowane majinyaci, ya ga matsayinsa kusa da sauran bayan an yi la'akari da tsananin ciwon waɗanda ya karɓa. Daga nan aka kafa cibiyar DICA mai kula da irin wannan rajista, aka faɗaɗa abin zuwa cututtuka da yawa, kuma mace-mace bayan tiyatar hanji sun ragu a shekarun da suka biyo baya. Likitoci sun yarda da waɗannan alƙaluma ne saboda su suka zaɓi abin da za a auna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an sa shi ya nuna wurin a gaban jama'a. Daga irin wannan ne aka kai ga ƙa'idar cewa asibitin da ba ya yin aƙalla tiyata 20 a shekara ta sankarar bututun da abinci ke bi zuwa ciki ya bar wa wasu.

Gwamnati ma ta matsa daga waje. A 2004 ministan lafiya Hans Hoogervorst ya nemi shugaban kamfanin Shell na ƙasar, Rein Willems, ya duba asibitoci da idon mai harkar mai, inda kuskure ɗaya ke tayar da gobara. Bincike kan fayilolin 2004 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 1,735 ne ke mutuwa a asibitoci duk shekara ta hanyar da wataƙila za a iya kaucewa. Aka yi shirin kare majinyata na ƙasa daga 2008 zuwa 2012, kuma da aka sake aunawa adadin ya sauko zuwa kimanin 970. Bayan nan sai ya tsaya a wajajen dubu, wanda ke nuna cewa an tsinke 'ya'yan da ke kusa da hannu, saura na can ƙololuwa. Dokar 2016 kan inganci da ƙorafi ta ƙara ɗaure abin: idan aka samu mummunan kuskure da ya jawo mutuwa ko babbar illa, dole asibiti ya sanar da hukumar sa ido cikin kwanakin aiki 3, ya yi bincike cikin mako 8, ya kuma gaya wa majinyaci ko danginsa gaskiya. Dole ne a binciki tarihin sabon ma'aikaci kafin a ɗauke shi, kuma wanda aka kora saboda lalacewar aiki sai an kai rahotonsa. Yarjejeniyar rufe bakin majinyaci ko danginsa kan irin wannan kuskure an haramta ta a 2023.

Gyaran 2015 da abin da ya haifa

A nan ne tsarin nasu ke da rauni, kuma bai kamata a ɓoye maka ba. Kafin 2015 kuɗin asibiti daban, ladan likita daban. Daga 1 ga Janairu na 2015 aka haɗe su: asibiti ne ke karɓar kuɗin gaba ɗaya daga inshora, shi zai sasanta da likitocinsa. An yi fatan likitoci za su koma albashi ko su sayi hannun jari a asibitin, har gwamnati ta yi tayin tallafin Yuro 100,000 ga wanda ya koma albashi. Kaɗan ne suka karɓa. Mafi yawa sai suka haɗe ƙananan ƙungiyoyinsu suka zama kamfani guda a kowane asibiti, wanda ake kira MSB a taƙaice. A da hukumar gudanarwa na fuskantar ƙananan ƙungiyoyi ashirin ko talatin, yanzu tana fuskantar kamfani ɗaya mai lauya da akanta, a cikin gidanta.

Wannan na da amfaninsa, don an samu wanda za a yi magana da shi da sunan kowa, kuma wasu kamfanonin sun ɗauki ladabtar da 'ya'yansu da gaske. Amma matsalar asali na nan. Likitan da kuɗinsa ke ƙaruwa da yawan aikin da ya yi, da wuya ya zama na gaba wajen cewa wannan tiyatar ba ta zama dole ba, ko wannan majinyacin likitan unguwa ya ishe shi. Ba ina cewa mugunta suke yi ba. Na zauna da su, mutanen kirki ne. Sai dai rabon kuɗi tsakanin fannoni yakan cinye zaman da ya kamata a yi kan majinyaci.

Asibitin Bernhoven da ke Uden ya bi wata hanya. A 2015 likitocinsa suka koma albashi, aka shigar da likitoci cikin shugabancin asibitin, aka ƙulla yarjejeniyar shekaru da kamfanonin CZ da VGZ don kada raguwar aiki ta karya asibitin nan take. Suka sa ƙwararrun likitoci a ƙofar sashen gaggawa, suka ƙara lokacin tattaunawa da majinyaci kafin a yanke shawarar tiyata, kuma yawan kwantarwa da tiyata ya ragu. Daga baya asibitin ya shiga matsin kuɗi, don wanda ya rage aiki a tsarin da ke biya bisa yawan aiki yana yanka reshen da yake zaune a kai. Muhawarar ba ta mutu ba: yarjejeniyar kafa gwamnati ta 2021 ta yi barazanar tilasta wa kowa komawa albashi idan kamfanonin likitoci ba su gyara ba. Ma'aikatan jinya su ma sun daɗe suna cewa ana maganar asibiti kamar likitoci da manajoji ne kawai a ciki, kuma tun 2023 doka ta ba su haƙƙin a ji ta bakinsu kan manufofin da suka shafi aikinsu.

Abin da zai yi maka amfani

Ka ga yanayinku ya sha bamban. A asibitocin koyarwa na Najeriya likita ne babban darakta, likita ne shugaban kwamitin ba da shawara kan jinya, kuma wannan na cikin abin da ƙungiyar JOHESU, ta ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, ta daɗe tana ƙorafi a kai. Ke nan likitocinku sun riga sun samu kujerar da na Holan ba su da tabbacinta. Ra'ayina shi ne likita a shugabanci abu ne mai kyau, don yana jin yaren ɗakin majinyata kuma abokansa sun fi saurarensa, amma kujerar ba ta warkar da kowa. Na fi son asibitin da akanta ke shugabanta amma ana zama duk wata a bi bayan kowace mutuwa, da wanda farfesan tiyata ke shugabanta amma ba wanda ya san adadin matan da suka rasu wajen haihuwa a watan jiya.

Ka riƙe iyakar abin da na gaya maka. Abin da na gani da idona a asibiti guda ne, ba na jami'a ba, kuma kowane gida da al'adarsa. Tsarin Holan yana tsaye ne a kan fayilolin kwamfuta masu kyau, hukumar sa ido mai haƙori, da kuɗin da za a biya likita ya bar asibitin waje ya zauna taro. Ba za a ciro shi a dasa a inda likita ɗaya ke ganin mutum ɗari a yini ba. Kuma alƙaluma abin da ake iya ƙirgawa kawai suke kamawa. A 2018 asibitin Slotervaart na Amsterdam da asibitocin IJsselmeer suka karye a rana ɗaya, aka riƙa kwashe majinyata cikin gaggawa, duk da waɗannan dokoki da kwamitoci.

Abin da ba ya bukatar Yuro shi ne wannan. Ka samu likita ɗaya a sashe ɗaya wanda abokansa ke girmamawa, ku haɗa da shugabar ma'aikatan jinya ta sashen, ku bar su su zaɓi abu uku da za a ƙirga, misali raunin da ya yi ruwa, wanda aka mayar ɗakin tiyata, da wanda ya rasu cikin kwana 30. Kai ka ɗauki nauyin tattara lissafin daga rajistar ɗakin tiyata da katunan majinyata. A zaman farko kada a sa sunan kowane likita a takardar, kada kuma a gayyaci kowa daga ofishin ladabtarwa. Ku nemi babban darakta ya ba takardar minti goma a taron hukumar gudanarwa, kafin a shiga maganar kuɗi.